Motar Feshi da Motar Tsani: Nazari a Kan Kayan Aikin Kashe Gobara a Biranenmu

Gabatarwa

 Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin da gobara ta tashi a ɗaya daga cikin garuruwanmu ya san maganar da ke fara fitowa daga bakin jama'a, watau "sun zo ba ruwa". Motar 'yan kwana-kwana ta iso da jiniya, an warware mesa, an yi feshi na ɗan lokaci, sai ruwa ya ɗauke, mota ta juya ta tafi, wuta kuwa tana ci. Daga nan sai zagi ya biyo baya, wani lokaci har da jifa. A ɗaya gefen kuma, duk sa'ad da wata gwamnati ta sayo sababbin motocin kashe gobara, wadda ake ɗauka hoto ana nunawa ita ce mai dogon tsani, domin ita ke cika ido.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bayyana aikin kowace daga cikin motocin nan biyu, a kuma yi ɗan lissafin da zai nuna dalilin ɗaukewar ruwan da ake zargin ma'aikata a kansa. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa wa hujja, shi ne cewa ƙarfin hukumar kashe gobara ta kowane gari ana auna shi ne da yawan ruwan da za ta iya zuba wa wuta a kowane minti ba tare da yankewa ba. Tsawon tsani yana biyo baya ne. Zan ɗauki birnin Kano a matsayin babban misali, ko da yake abin da za a faɗa ya shafi sauran manyan garuruwan Arewa.

Kafin a ci gaba, ya kamata mu daidaita kalmomi, domin Bahaushe ya haɗa motocin duka ya kira su motar 'yan kwana-kwana. A wannan takarda, motar feshi ita ce mai ɗauke da tanki da injin tura ruwa da mesa. Motar tsani ita ce mai dogon tsanin da inji ke miƙawa. Motar dakon ruwa kuwa tanka ce kawai, aikinta kawo ruwa. Kan bututun da ake kafawa a bakin titi domin 'yan kwana-kwana su ɗebi ruwa za mu kira shi famfon gobara.

Motar feshi da lissafin ruwanta

Asalin wannan mota wani akwati ne mai ƙafafu da ake ja da hannu. A shekarar 1721 wani mutumin Landan mai suna Richard Newsham ya sami rajistar irin nasa, wanda mutane ke tsayawa gefe da gefe suna danna sanduna domin ruwa ya fita. Sai a 1829 aka ƙera na farko mai aiki da tururi, a Landan ɗin dai. Abin lura a nan shi ne, akwatin Newsham da bokiti ake cika shi, jama'a su yi layi daga rijiya ko kogi suna miƙa wa juna. Watau tun ran gini tun ran zane: injin bai taɓa zama maɓuɓɓugar ruwa ba, aikinsa ya karɓa ya tura.

Injin motar feshi ta yau farfela ce da ke juyawa da sauri cikin wani ƙoƙon ƙarfe. Ruwa na shiga ta tsakiyarta, ita kuma tana wurga shi gefe da ƙarfi, ya fita ta bututu. Injin da ke tafiyar da motar shi ne ke juya farfelar idan an tsaya. Matsakaiciyar mota ƙirar Turai tana tura lita 2,000 zuwa 3,000 a minti guda, da matsin da zai iya ɗaga ruwa sama kimanin mita 100. Ƙa'idar Amurka ta ce kada injin ya gaza lita 3,000 a minti, amma ta yarda tankin motar ya zama ƙarami, kimanin lita 1,100. Me ya sa suka yarda da ƙaramin tanki haka? Domin a biranensu akwai famfon gobara a kusan kowane layi. Ruwan tanki na fara aiki ne kawai kafin a haɗa mesa da famfon.

To, bari mu yi lissafi. Mu ɗauka motarmu tana da tanki mai cin lita 4,000, wanda ba ƙarami ba ne. Mesa guda mai kyau tana fitar da kimanin lita 500 a minti. In aka buɗe biyu, tankin zai ƙare cikin minti 4. In kuwa aka saki injin da dukan ƙarfinsa na lita 2,000, minti 2 ne kacal. Saboda haka motar da jama'a suka ce ta zo ba ruwa, mai yiwuwa ne ƙwarai ta zo cike fal, ta juye shi kafin mai zagin ya gama kutsawa cikin taro. Kuma ba a iya magance wannan ta hanyar ƙara girman tanki yadda aka ga dama, domin kowace lita kilo ɗaya ce. Lita 10,000 tan 10 ke nan, ban da nauyin motar kanta, kuma mota mai wannan nauyi ba ta sauri, ba ta kuma shiga ƙananan hanyoyi.

Minti huɗun nan ba abin rainawa ba ne idan an iso da wuri. Ruwa yana kashe wuta ne ta hanyar shanye zafinta sa'ad da yake komawa tururi, lita guda kuwa tana zama kimanin lita 1,700 na tururi. Gobarar ɗaki ɗaya ko shago ɗaya, ƙwararren ma'aikaci zai iya kashe ta da abin da bai kai rabin tanki ba. Amma ɗakin da ke da katifar soso da labule da kujeru yakan kama gaba ɗaya cikin 'yan mintuna. Wannan ne ya sa ƙa'idar Amurka ta nemi motar farko ta isa wurin cikin tafiyar minti 4. In mota na gudun kilomita 30 a awa, wanda ma sa'a ce a same shi a titunan Kano da rana, minti 4 kilomita 2 ne kawai. Darasin da ke nan shi ne, motoci shida a tashoshi shida sun fi motoci goma da aka jere a hedkwata amfani.

Inda ruwan zai fito

A nan ne matsalarmu take, kuma a nan nake so in ɗan daɗe. Manyan gobarorin da suka girgiza Arewa na kasuwanni ne. Babbar kasuwar Jos ta ƙone a watan Fabrairun 2002. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a watan Maris na 2016, aka yi asarar dubban shaguna da rumfuna. Babbar kasuwar Sakkwato ta kama a Janairun 2021, ta Katsina a watan Maris na wannan shekarar, sa'an nan Kasuwar Monday ta Maiduguri a Fabrairun 2023. Mai sauraro zai lura cewa dukansu tsakanin Janairu da Maris suka auku, lokacin da komai ya bushe, iska na kaɗawa, ruwa kuma ya yi ƙaranci a gari. Irin wannan wuta, mai cin atamfa da roba da katako da man girki, ba a maganar tanki ɗaya a kanta. Ko da lita 2,000 a minti kawai aka ce za a riƙa zubawa na tsawon awa 2, ana bukatar lita 240,000.

Hanya ta farko ta samun wannan ruwa ita ce famfon gobara. Kano ta sami ruwan famfo daga Challawa tun farkon shekarun 1930, daga baya aka ƙara matatun Tamburawa da Watari. Sai dai famfon gobara ba ya da amfani sai in bututun da ke ƙarƙashinsa yana da faɗi, kuma akwai ruwa cikinsa dare da rana. Kowa a zauren nan ya san yadda ruwan famfo yake a unguwarsu, ba sai na faɗa ba. Birnin ya faɗaɗa ya bar bututun a baya.

Hanya ta biyu ita ce zuƙo ruwa daga kududdufi ko kogi ko tafki. A nan akwai wata iyaka ta kimiyya da ya kamata malaman kimiyya su riƙa koya wa ɗalibai, domin misali ne mai kyau. Injin ba ya jawo ruwa da ƙarfinsa. Abin da yake yi shi ne ya zuƙe iskar da ke cikin mesa, sai nauyin iskar sararin sama da ke danne fuskar ruwan ya turo shi sama. Wannan nauyi kuwa ba ya iya ɗaga ruwa fiye da kimanin mita 10, a aikace ma da wuya a wuce mita 7 da rabi, kuma injin ba ya ba da cikakken ƙarfinsa sai in zurfin bai wuce mita 3 ba. Ke nan rijiya mai zurfi ba ta da amfani ga motar feshi, komai girman injinta. Kududdufan cikin birnin Kano, waɗanda aka haƙa don ɗibar ƙasar gini, da sun yi wannan aiki, amma an cike da yawa daga cikinsu an yi gine-gine, waɗanda suka rage kuma shara ta cika su, tana toshe matacin mesa. Rijiyar burtsatse ma, wadda ake yawan ambata in an zo maganar, galibi abin da take bayarwa a minti bai kai abin da mesa guda ke ci ba. Amfaninta shi ne ta cika ma'ajiya tun kafin ranar bukata.

Hanya ta uku, wadda a kanta muke dogara a yau, ita ce jigila da motocin dakon ruwa. Mu ɗauka tanka tana cin lita 10,000, kuma zuwa da cikawa da dawowa da juyewa suna cin minti 25. In aka raba, wannan tanka lita 400 take kawowa a kowane minti, watau ba ta ƙosar da mesa guda. Domin a riƙe lita 2,000 a minti sai an sami irinta 5 suna zagayawa ba tsayawa, kuma cinkoson 'yan kallo bai tare musu hanya ba. Abin da ya fi muni shi ne a ce motar feshin ce da kanta za ta koma ɗibar ruwa, domin a minti ashirin ɗin da ta yi ba ta nan wutar za ta maido duk abin da aka ƙwace mata. Tsarin da ya dace shi ne motar feshi ta kafe a wuri ɗaya, a buɗe mata tafkin tamfol da ake naɗewa, tankoki su riƙa juyewa a ciki suna wucewa, ita kuma tana zuƙa.

In ma'ajiyar ruwa ba ta da nisa ƙwarai, ana iya shimfiɗa mesa tun daga can, a jera motocin feshi a tsakani, wannan ta tura wa waccan. Dalilin jerawar shi ne ruwa yana rasa ƙarfi saboda gogayya da cikin mesa, kuma in aka ninka yawan ruwan da ke bi sau biyu, asarar ƙarfin tana ninkuwa sau huɗu. Wannan dabara tana bukatar mesa mai faɗi da yawa, abin da ba kasafai ake tunawa da shi ba wajen rubuta kasafin kuɗi, domin ba a yanka kirtani a buɗe mesa a gaban 'yan jarida.

Lita 240,000 ɗin da muka ambata, in aka gina mata ma'ajiya a ƙasa, tsawon mita 10 ne, faɗin mita 8, zurfin mita 3. Bai kai filin shaguna kaɗan ba. A ganina babu wata babbar kasuwa da ta kamata ta zauna ba ta da irin wannan guda biyu ko uku a kusurwoyinta, da hanyar da mota za ta iso bakinsu, wadda ba za a yanka a sayar wa masu tebur ba.

Motar tsani

An fara ƙera tsanin da ke miƙewa daga kan amalanke a ƙarni na 19. Daniel Hayes ya yi nasa a San Faransisko ta Amurka a 1868, Conrad Magirus kuma ya yi nasa a garin Ulm na Jamus a 1872, kamfaninsa ma har yau yana cikin manyan masu ƙera su. Tsanin yana zaune bisa wani faifai mai juyawa, gaɓoɓinsa suna zamewa cikin juna, ƙarfin mai da ake matsawa ne ke ɗaga shi, sau da yawa kuma akwai keji a ƙarshensa inda mutum biyu zuwa huɗu za su tsaya. Aikinsa shi ne sauko da waɗanda wuta ta tare a sama, da watsa ruwa daga bisa, da kai ma'aikata rufi su buɗe wa hayaƙi hanya.

Wanda aka fi yawan amfani da shi a Turai tsawonsa kimanin mita 30 ne, amma ƙa'idar Jamus tana lissafa shi da cewa zai kai tsayin mita 23 idan motar ta tsaya mita 12 daga jikin gini. Wannan hawa na bakwai ne ko na takwas. Duk yadda motar ta ƙara nisa da bango, tsayin da za ta kai yana raguwa. Kafin a ɗaga shi kuma sai an fitar da ƙafafun ƙarfe huɗu sun tokare ƙasa, waɗanda ke cin faɗin kusan mita 5, kuma tilas ƙasar ta zama mai ƙarfi, domin motar ta kai tan 15. Murfin kwata ko jar ƙasar da ruwa ya jiƙa na iya burmawa. Iska mai ƙarfi tana hana aiki da shi. Sa'an nan ga wayoyin lantarki da suka yi saƙar gizo-gizo a kan titunanmu. Mai sauraro ya auna waɗannan sharuɗɗa da layukan Kantin Kwari a ranar kasuwa, balle lungunan Kurmi, inda amalanke biyu ba sa giftawa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, motar tsani irin ta Turai ba ta ɗauke da tanki ko injin tura ruwa. Motar feshi ce ke shayar da ita. Babban bakin feshin da ke kan tsanin kuwa yana iya cin lita 2,000 a minti shi kaɗai. Amurkawa suna da wata da ta haɗa tsani da tanki da inji, amma tankinta ƙarami ne, nauyinta kuma ya fi. Saboda haka garin da bai warware matsalar ruwa ba, in ya sayi motar tsani, ya ƙara bakin ci ne a gidan da tukunya ba ta cika.

Ko a kan dogayen benaye ma, tsani yana da iyaka. A Janairun 1983 ginin hukumar sadarwa da ke Ikko, watau Legas, mai hawa 32, ya kama wuta, a Janairun 1985 kuma Gidan Koko na Ibadan mai hawa 26 ya bi sahu. Tsani mafi tsawo da ake ƙerawa a yau bai kai mita 70 ba. Wutar irin waɗannan gine-gine daga ciki ake yaƙarta. Ana kafa bututu a jikin matakala tun lokacin gini, motar feshi ta tura ruwa ta ƙasa, ma'aikata su hau da ƙafa su haɗa mesa a hawan da ke ƙarƙashin wutar. A Ingila doka ta wajabta irin wannan bututu ga ginin da ya wuce mita 18. Ashe nan ma motar feshi ce uwa, sai kuma hukumar tsara birane da ke sa hannu a zanen gini.

Kada a fahimce ni da cewa motar tsani ba ta da amfani. Kano da Kaduna da Abuja suna da otal-otal da asibitoci da ofisoshi masu hawa da yawa, kuma ran da mutum ya maƙale a taga ta hawa na shida babu abin da zai maye gurbinta. Birni kamar Kano ya cancanci ya mallake ta, a ajiye ta kusa da inda benayen suke, a horar da masu sarrafa ta, a riƙa gwada ta kowace shekara. Amma kuɗinta ya kusa sayen motocin feshi biyu, wani lokaci ma ya fi, gyaranta kuma sai ƙwararre, ƙurar hunturu kuwa ba ta raga wa gaɓoɓinta. Galibin gidajenmu da makarantunmu ba su wuce hawa uku ba, kuma tsanin hannu mai mita 13 da rabi, irin wanda motocin feshi ƙirar Ingila ke ɗauka a kansu, ya isa wannan. Abin da ke hana ceto a gidajenmu sau da yawa shi ne ƙarafan da muke gittawa a tagogi saboda ɓarayi. Tsani ya kai taga, mutum na bayan ƙarfe, in babu injin yankan ƙarfe a motar an yi aikin banza. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu da ke da ɗakunan kwanan ɗalibai masu ƙofa ɗaya da tagogi a garƙame.

Tarkacen motoci daga ƙasashe dabam-dabam

Aikin kashe gobara a Nijeriya ya faro ne a Ikko a ƙarƙashin 'yan sanda, sai dokar 1963 ta kafa hukumar tarayya. A yau jihohi suna da nasu hukumomin, filayen jiragen sama ma suna da nasu manyan motoci, waɗanda akan nemi taimakonsu in wuta ta gagara a gari. Kowa kuma yana sayo mota daga inda ya ga dama, ga waɗanda ake bayarwa kyauta bayan sun tsufa a ƙasashensu. Illar wannan ita ce mahaɗin mesa ba iri ɗaya ba ne. Na Ingila turawa ake yi ya kama, na Jamus murɗawa ake yi kaɗan ya kulle, na Amurka kuwa zare gare shi kamar noti. A Fabrairun 1904, sa'ad da birnin Baltimo na Amurka ya kama wuta, motocin da suka zo gudunmawa daga wasu garuruwa sun tarar mesarsu ba ta shiga famfunan gobarar birnin, aka yi asarar gine-gine fiye da 1,500. Maganin abu ne mai araha, watau kowace mota ta riƙe mahaɗan da ke sada iri da iri, amma sai an zauna an gwada tun kafin ranar.

Haka nan batun kayan gyara. Motar da aka ƙera a kan gangar jikin babbar motar da bakaniken gari ya saba da ita za ta daɗe tana aiki. Wadda kuwa kwamfuta ke sarrafa komai nata, injinta kuma ba ya shan gas sai mai tsabta ƙwarai, ƙaramin abu na iya ajiye ta wata da watanni ana jiran kaya daga waje. Don haka idan aka ce jiha tana da motoci kaza, tambayar da ta kamata ita ce nawa ne za su tashi a daren yau, da direba, da mai, da cikakken tanki. Akwai kuma bukatar ƙananan motoci irin a-kori-kura masu ɗauke da ɗan injin da mutum huɗu za su sauke su shiga da shi lungu, da kuma ruwan kumfa saboda gobarar fetur, wadda zallar ruwa ke ƙara yaɗawa.

Ina roƙon shugabannin kwalejojin da ke wannan zaure, in sun koma, su gayyaci hukumar kashe gobara ta jiharsu ta zo da motar feshi guda a ranar da babu abin da ya faru. A duba ko za ta shige ƙofar makaranta, ko za ta kai bakin ɗakunan kwana, a auna mintunan da ta yi a hanya, sa'an nan a nuna wa direban inda zai sami ruwa bayan minti huɗun farko.